Rijiyar Awakin Isiyaku

Mutanen Ƙarshen Ruwa ba su ne suka raɗa wa unguwarsu wannan suna ba. Sunanta na asali Unguwar Ɗinya, tana can tsakanin Kura da Bunkure, nesa kaɗan da titi. Da aka tare ruwa a Tiga aka janyo shi cikin kanal domin noman rani, sai ya zamana ƙaramar kanal ɗin da ta biyo ta wajensu a nan ta tuƙe. Ruwa ba ya isowa gonakinsu sai duk mutanen gaba sun ƙoshi. To, sunan ya bi su, har su ma suka daina musu.

A nan Isiyaku yake zaune. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana. Mahaifinsa mahaƙin rijiya ne, kuma tun Isiyaku bai yi gemu ba yake bin sa cin rani suna haƙa wa mutane, har can wajen Madobi. Da aikin ruwa ya zo, sai haƙar rijiya ta yi baya. Ya rataye igiya ya koma noman alkama da tumatir kamar kowa. Abin da ya mallaka bai wuce gonar nan ba, da awaki biyu, da matarsa Kulu, da 'ya'ya.

Babbar 'yarsa ita ce Saude. Da yake 'yar fari ce, tun da aka haife ta bakinsa bai taɓa kama sunanta ba. In dole ta sa, sai ya ce "yarinyar nan" ko "ta cikin gida". Ba ya ɗaukarta, ba ya yi mata wasa, in ta shigo zaure sai ya sami wani abin dubawa a jikin bango. Haka iyayensa suka yi wa yayarsa Barira, haka shi ma ya yi, Kulu ma haka. Amma fa tun Saude na ƙarama, mantuwa ta kama Isiyaku. Yau ya manta da rake a kan dakali, gobe ya manta da nunannen gwanda a bakin ƙofar ɗakin da take kwana. Barira, wadda rabin rainon yarinyar a hannunta aka yi, takan ce, "Wannan mantuwa taka, Isiyaku, ta san hanya." Shi kuwa sai ya ce rana ce ta yi masa yawa a ka.

Aka aurar da Saude ga Hamza, ɗan wata dattijuwa mai sana'ar turara shinkafa, ana ce mata Iya Turai. Gidansu na can gaba, kusa da Kura, a bakin babbar kanal, inda ruwa ke wucewa dare da rana.

Shekarar 1984 ta zo wa mutane da nauyi. Damina ta yi gardama, wadda ta gabace ta ma ba ta yi kirki ba. Da rani ya shiga, aka riƙa sakin ruwa bi da bi, kuma in ranar Ƙarshen Ruwa ta zo, abin da ke isowa bai fi ya jiƙa gindin kanal ba. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga ya koma fitowa da taɓo. Mata suka riƙa yin sammako da tuluna zuwa wata unguwa, su dawo rana ta take, wuya ya sage.

Ruwa ɗaya ne bai ƙafe ba, shi ne na lambatu. Lambatun nan babban rami ne da aka haƙa ya bi bayan gonaki yana kwashe ragowar ruwan da mutanen gaba suka yi ban ruwa da shi. Kafin ya iso Ƙarshen Ruwa ya ratsa gonaki ba iyaka, an yi wanki a cikinsa, an wanke kekuna, shanu sun shiga sun fita. Launinsa kore-kore, wani lokaci da kumfar sabulu a kai. Mutanen unguwa na kiransa ruwan wankin ƙafar mutanen gaba. Suna kwaɓa ƙasa da shi, amma ko alwala ba mai yi.

Ana cikin haka, wata rana da yamma Kulu ta kawo wa Isiyaku tuwo, ta durƙusa ba ta tashi ba.

"Malam, an aiko daga gaba. Wai za mu yi baƙi bayan an yanke alkama."

Ya gane. Saude ce za a kawo goyon ciki, ta haihu a gidan iyayenta kamar yadda ake yi wa haihuwar fari, ta zauna har ta gama wanka. Wankan jego kuwa ba wasa ba ne. Tukunya ce babba a kan wuta safe da yamma, ga kunun kanwa, ga ruwan ɗumin da mai jego za ta riƙa sha, ga wankin tsummoki.

Kulu ta ce, "Da wane ruwan, Malam? Ko a ce musu su riƙe abinsu a can?"

Ya daɗe yana kallon malmalar tuwo. Sannan ya ce, "Miyar nan ta ji daddawa."

Washegari ya sauko da igiyar mahaifinsa daga rataya, ya ɗauki diga ya nufi gona. A ƙarshen gonarsa akwai wata jijiyar yashi da ta taso daga wajen lambatu, ya san da ita tun ranar da aka ba shi wurin. A kanta ya fara haƙa. Masu wucewa suka tsaya.

"Isiyaku, me ake nema? Ko tsohon ya bar maka tukunya a ƙasa?"

Ya ce, "Awaki nake nema wa abin sha."

Ba zai iya cewa don wa yake yi ba. A wurinsa, mutum ya fito fili ya nuna yana wahala saboda 'yar fari, kamar ya tsaya a kasuwa ne ba riga. Da ya faɗi awaki sau ɗaya, sai ya zame masa dole ya ci gaba da faɗa.

Ramin farko ya yi kusa da lambatu. Ruwa ya tsattsafo da wuri, garai-garai a ido, amma da ya kurɓa sai ya ji wani ɗaci-ɗaci a bayan harshe, irin na takin zamani. Bai gaya wa kowa ba, ya ci gaba da sha don ya ga iyakarsa. Iyakarsa ita ce ya kwanta da ciwon ciki, Kulu na dafa masa saiwa tana harararsa. Da ya miƙe, ya cike ramin, ya ja baya sosai ya sake haƙa wani, mai zurfi, yadda ruwan sai ya yi doguwar tafiya cikin yashi kafin ya iso. Ya jera duwatsu a ciki, ya yi masa murfi da kara. Ya kamo 'yan ƙananan kifaye ya zuba, kullum da safe sai ya leƙa ya ga ko suna nan da rai. Ya samo tsofaffin randuna ya huda gindinsu, ya ɗora wata kan wata a inuwar darbejiya, ta sama da tsakuwa da yashi, ta tsakiya da gawayi, ta ƙasa tana tarar abin da ke ɗiga. Daga ranar bai ƙara shan ruwan tulun Kulu ba. Nasa yake sha, ya zauna shiru yana sauraron cikinsa.

Maganar ta kai masallaci. Aka tambayi liman, Malam Sunusi, ko ya halatta. Liman ya taka har gonar, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya duba, ya shinshina, ya ce in dai launi da ƙamshi da ɗanɗano ba su sauya ba, ruwa ne mai tsarki, a yi alwala, a sha. Isiyaku ya cika moɗa ya miƙa masa.

Liman ya ce, "Allah ya yi albarka. Ai yau ina azumi."

Bayan kwana biyu ya sake biyowa ta wajen, aka sake miƙa masa, ashe ranar ma yana azumi. Har samari suka fara cewa rijiyar Isiyaku za ta kai Malam aljanna, don tun da aka haƙa ta bai huta da nafila ba. Liman da kansa ya yi dariya da ya ji. Ya ce shi abin da littafi ya faɗa ya faɗa, amma maƙogwaro ba ya karatu.

Haka sauran mutane ma. Mata suka riƙa ɗiba suna wanki da wanke-wanke, wasu na dafa abinci da shi a ɓoye. Sha kuwa, kowa sai ya ce ai ya san inda ruwan ya fito. Sunan da ya zauna wa wurin shi ne Rijiyar Awaki.

Aka yanke alkama, aka kawo Saude. Ranar da ta iso, Isiyaku ya wuni a gona. Ba a daɗe ba ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Barira ce ke yi mata wanka da ganyen darbejiya, tun da Kulu ba za ta iya ba saboda kunya. Kowace safiya kafin mata su fito, za a tarar da garwa-garwa na ruwa jere a bakin ƙofa, tukunya a kan murhu, wuta na ci, ba kowa a wurin. Saude ta sha kununta, ta sha ruwan ɗuminta, nono ya zo, jaririya na ta barci.

Labari kuwa ya hau kanal ya yi gaba. Wata mai tallan kuka ta gaya wa Iya Turai cewa can Ƙarshen Ruwa ana shayar da matar ɗanta ruwan awaki, wanda aka tato daga lambatu.

Iya Turai ta zo barka a bayan keken Hamza, rungume da jarka cike da ruwan babbar kanal. Aka shimfiɗa mata tabarma, Kulu ta kawo ruwa a moɗa ta durƙusa ta miƙa. Iya Turai ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a gefe, ko leɓe ba ta kai ba. Duk matan da ke tsakar gidan sun gani. Ta ɗauki jikarta ta yi mata addu'a, ta daɗe tana duba idanunta da cibiyarta. Sannan ta dubi Barira.

"Yaya Barira, ke ce babba. Gaskiya ne ruwan awaki ne?"

Barira ta ce, "To, shi dai mai rijiyar haka ya ce."

"Shi ke nan. Ba faɗa na zo yi ba. In an yi suna zan tafi da su, ta ƙarasa wankanta a wurina. Ruwa a ƙofar gida yake."

Saude ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan zanen goyo. A ɗauke mai jego daga gidan ubanta wanka bai ƙare ba, kowa ya san abin da za a riƙa faɗa, wato gidan ya kasa. Kulu ta san gaskiyar rijiyar sarai, amma kunyar da ta ɗaure mijinta ita ma ta ɗaure ta. Ta tashi ta shige madafa.

Barira ta aika gona aka gaya wa Isiyaku. Bai zo ba. Iya Turai ta ce ba komai, ita za ta je, dama tana so ta ga abin da idonta.

Ta same shi a gindin darbejiya yana wanke yashin randa. Ya miƙe da sauri ya kakkaɓe hannu. Suka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon ƙasa, aka tambayi gida da gajiya da zafi. Ta yi masa barka, ya amsa kamar an yi masa barkar haihuwar maƙwabta. Sannan ta zagaya. Ta buɗe murfin rijiyar ta leƙa, ta ga kifaye na yawo. Ta taɓa duwatsun da aka jera. Ta tsaya tana kallon ruwa na ɗiga daga randa zuwa randa. Daga nan ta taka har bakin lambatu, ta ga kumfa da koren ruwa, ta toshe hanci da gefen mayafi ta dawo. A hanya ta lura da wani wuri da ƙasa ta yi tudu.

"Nan fa?"

"Ta farko ce. Ba ta yi ba."

"Wa ya ce ba ta yi ba?"

"Ciki."

"Cikin awaki?"

Ya koma kan yashin randarsa.

Ta zauna a kan tushen bishiya, ta miƙe ƙafafu. Ta ce, "Malam Isiyaku, bari in gaya maka abin da ya kawo ni, kada ka ce raini ne. Hamza ba shi ne na fari ba. Akwai wansa. Shekarar da muka sha ruwan kududdufi, yana rarrafe, gudawa ta kama shi da safe, washegari kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Har yau in na ga ruwa a moɗa sai na duba gindinsa. Ba na son in sake ganin irin wannan."

Isiyaku ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne."

"Amin. To, awakinka nawa?"

"Biyu."

"Biyu. Awaki biyu ake yi wa rijiya da murfi, da gawayi, da kifi masu gadi? Ni ma ina da awaki, a kwatami suke sha, ba su taɓa kai ƙara ba." Ta gyara zama. "Ka ga, ni mace ce mai sana'a, na san aikin da aka yi don dabba, na san wanda aka yi don mutum. Amma da bakinka ka gaya wa duniya na awaki ne. In na awaki ne, jikata ba za ta sha nonon da aka yi da shi ba. In kuwa don wani aka yi, a faɗa mini don wa, in san wanda ya tsaya a kansa."

Zufa ta keto wa Isiyaku. Ya dubi randa, ya dubi igiya, ya dubi hanyar gida. Magana ɗaya ce, ya san ta, tana nan a maƙogwaronsa, amma shekara ashirin bakinsa bai saba da hanyarta ba. Iya Turai ba ta taimake shi ba, ta zuba masa ido kawai. Ruwa na ta ɗiga a randa.

Can sai ya yi gyaran murya, yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Iya, aure na yi."

"Aure?"

"Amarya aka kawo mini. Ga ta can a ɗaki kin ɗauke ta ɗazu, ko haƙori ba ta da shi. Tun alkama ba ta fid da kai ba na ji labarin tana tafe. Na ce yarinya 'yar gaba, ta saba da ruwa, ba za ta zo gidana ta tarar da tulu a bushe ba. Da ita, da wadda ta rako ta."

Wannan kam ba mai hana shi. Jika mace matar kakanta ce a wasa, yana da ikon ya yi ta faɗa a kasuwa ma in ya so.

Iya Turai ta rufe baki da mayafi. Kafaɗunta suka yi ta rawa, da ta sauke mayafin idanunta sun yi ja.

"Kai, wannan ango da rowa! Ko goro ba mu gani ba. To wa ya fara ɗanɗana wa amaryar?"

"Angon."

"Tun yaushe?"

"Tun ran da ya tsattsafo. Ban sha wani ba."

Ta dube shi tun daga hula har ƙafa, kamar mai tayin rago. Ta ce, "Ba ka rame ba dai. Miƙo moɗar."

Ya ɗebo daga randar ƙasa. Ta karɓa, ta karkata ta wajen haske ta duba gindin, ta daɗe. Ta yi bisimilla ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Ta ƙara kurɓa, sannan ta shanye.

"Ƙasa-ƙasa yake, kamar rijiyar gidanmu ta dā. Ba zan ce zuciyata ta manta da lambatun can ba, ƙarya ne. Amma a tafasa wa mai rakiyar duk abin da za ta sha, tafasa ta gaske, ba a nuna masa wuta ba."

"Ana yi."

"A ƙara."

Da suka koma gida, ita a gaba shi can baya, ta tsaya a tsakar gida ta ce wa Barira wankan ya ci gaba a inda aka fara shi. Hamza ya tambaye ta jarkar fa, a juye a randa? Ta ce a'a, a kai wa awakin Malam, an daɗe ana cin bashin sunansu, su ma su ɗanɗani ruwan gaba.

Aka yi suna, yarinya ta ci suna Ummulkhairi. Bayan zuwan Iya Turai wasu gidaje suka fara sha, wasu kuwa har damina ta sauka ba su kai shi baki ba, sun gwammace ciwon wuya. Isiyaku bai taɓa ce wa kowa ya sha ba, bai kuma taɓa hana kowa ɗiba ba. Liman ya ci gaba da azuminsa.

Saude ta gama wanka, ta yi ƙiba, ta yi haske. Ranar da za a mai da ita, gida ya cika da mata, Isiyaku ya ɗauki fartanya ya tafi gona tun da hantsi. Hanyar fita unguwa ta bayan gonarsa take bi. Da 'yan rakiya suka zo daidai darbejiya, Saude ta ɗan ja baya, ta kwanto goyo ta riƙe a kafaɗa. Ba ta dubi inda yake ba, shi ma ya duƙufa yana gyaran kunyar shuka.

Ta ce wa jaririyar, da murya yadda za a ji, "Ke, gaya wa angonki mun tafi. Ki ce masa mun sha, mun ƙoshi."

Fartanyar ta tsaya. Bai ɗago ba. Ya ce wa ƙasa, "A ce mata ta riƙa leƙo gida."

A kan dutsen bakin hanya akwai wata gora cike da ruwa, an toshe bakinta da sabon ganye, an ɗaura mata igiyar rataya. Barira ta ɗaga ta ta jijjiga.

"Isiyaku, wannan fa ta wace ce?"

Ya ce, "Mantawa na yi."

Saude ta miƙa hannu ta karɓa, ta rataya a kafaɗa, suka kama hanya.